A Sha Zoɓo, a Tsira da Haƙori

Da zarar zafi ya kankama a Kaduna, daga watan Maris har saukar ruwan farko, duk wanda ya bi ta Malali da rana zai ga abin da ke hannun mutane: gorar zoɓo mai raɓa, ƙullin ƙanƙarar tsamiya a leda, ko lemon kwalba. Yaran da suka taso daga makaranta suna tsotsar tsami gaye, wasu na gatsar ɗanyen mangwaro da gishiri. Mai Keke Napep ya soke gorar lemon ƙara kuzari a gefen kujerarsa, duk fasinjan da ya sauke sai ya kurɓa. Ban zo in raba kowa da zoɓo ba, domin abin shanmu ne, kuma mata da yawa da shi suke rufa wa kansu asiri. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake shan. Ta nan haƙora suke ƙarewa a hankali, ba rami, ba kumburi, sai ranar da ruwan randa ya gagari mutum kurɓa.

Yawancinmu ciwon haƙori iri ɗaya muka sani, wato mai yin rami, wanda ake cewa tsutsa ce ta ci. Wancan ruɓewa ce. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki ne suke cin sukarin da ya maƙale, su riƙa fitar da tsami a wuri guda har wurin ya huje. Wanda nake magana a kansa daban yake, ba ruwansa da ƙazanta. Tsamin abin da aka ci ko aka sha, ko wanda ya taso daga ciki, shi ne yake narkar da fuskar haƙori kai tsaye. Shi ya sa za ka ga mace mai tsabta, wadda ba ta taɓa kwanciya ba ta goge baki ba, amma haƙoranta na gaba sun sirance, sun koma rawaya, bakinsu ya fara ɓantarewa. Sau da yawa ma masu yawan guga su ne abin ya fi yi wa illa, kuma zan faɗi dalili.

Kowane haƙori yana da farin ɓawo a waje, wanda likitoci ke kira inamel. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, ko ƙashi bai kama ƙafarsa ba. Kusan kashi 96 cikin 100 na jikinsa ma'adinai ne, kalsiyam da fosfet. Amma ba shi da kauri. A kan matauni, inda ya fi ko'ina, bai wuce milimita 2 da rabi ba, yana kuma ƙara sirancewa yayin da ya gangaro wajen dasashi. Jini ba ya ratsa shi, jiki ba ya sake ƙera shi. Fata ta yanke ta warke, ƙashi ya karye a ɗora shi ya haɗe, amma ɓawon haƙori in ya tafi ya tafi ke nan. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai launin rawaya, wanda bai kai shi tauri ba, cike da ƙananan kafofi da suka miƙe zuwa jijiya. Idan ɓawon ya cinye, waɗannan kafofin sun buɗe, sai ruwan sanyi ko shayi mai zafi ko iskar hunturu ta asuba su riƙa tsarga wa mutum har ƙwaƙwalwa.

Masana suna auna tsami da wani ma'auni da ake kira pH, daga 0 zuwa 14. Ruwa zalla yana kan 7. Duk abin da ya yi ƙasa da haka mai tsami ne, kuma kowane mataki ɗaya na sauka yana nufin tsamin ya ninka sau 10. Ɓawon haƙori yakan fara narkewa idan baki ya sauka ƙasa da 5.5. To, ruwan lemon zaƙi yana tsakanin 3.5 da 4. Zoɓo da jiƙon tsamiya suna wajen 3, wani lokaci ƙasa da haka. Baƙin lemon kwalba yana wajen 2.5, ruwan lemon tsami kuma ya ɗan fi shi. Harshe ba ya faɗa mana gaskiyar wannan saboda sukari ya rufe shi. Uwargida, idan kika ƙara sukari a zoɓo har ya daina cizon harshe, tsamin yana nan yadda yake, ɗanɗanonsa kawai kika ɓoye. Haka lemon kwalbar da aka rubuta masa cewa ba sukari: ya sauƙaƙa wa mai ciwon suga, amma tsaminsa bai bar haƙori ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai zaƙi, kuma muhawarar lafiya da aka yi a kai ta fi tsayawa ne a kan sukari da ƙiba. Maganar tsami ba ta samu mai ɗaukarta ba.

Allah bai bar haƙori ba mai tsaro ba. Yawu shi ne mai tsaronsa. Baki yana samar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kowace rana, kuma a cikinsa akwai sinadarin da ke kashe tsami, dangin wanda ke cikin kanwa, wadda iyayenmu mata ke jefawa a miyar yakuwa don ta karya tsaminta. Akwai kuma kalsiyam da fosfet da yawun yake mayar wa fuskar haƙorin da ta yi laushi. Sai dai aikin yana bukatar lokaci, daga rabin awa zuwa awa guda bayan kurɓar ƙarshe. Duk shawarar da zan bayar a kan wannan ta ginu: a bai wa yawu lokacinsa.

Ka ɗauki mutum biyu, kowa da gorar zoɓo ɗaya. Na farko ya shanye tasa a kan abincin rana, ya kora da ruwa. Na biyu ya ajiye tasa a kan tebur a shago, yana kurɓa duk bayan minti goma tun azahar har la'asar sakaliya. Abin da suka sha ɗaya ne, amma bakin na farko ya shiga tsami sau ɗaya ya fita, na biyu kuwa duk sanda yawu ya fara gyara sai ya sake jiƙa haƙoran. Shi ne wanda zai yi kuka nan gaba. Don haka in za a sha abu mai tsami, a sha shi tare da abinci, lokacin da yawu yake kwarara saboda tauna, a kuma gama shi a zama ɗaya. Kada a riƙe shi a baki ana jujjuyawa, kada a riƙa tace shi ta tsakanin haƙora kamar yadda samari ke yi da lemo mai gas. In akwai ɗan bututun nan na zuƙar lemo, a tura shi ya wuce haƙoran gaba. Da an gama a kurkure baki da ruwa. A Malali matatar ruwan da ke shayar da babban ɓangare na garin Kaduna take, kuma ruwan nan, ko na famfo ko na rijiyar burtsatse ko na leda, shi ne abin da ya kamata ya zauna a gefen mai shago da mai keke don kurɓar yini. Lokacin da ya fi kowane muni kuwa shi ne dab da kwanciya, domin da barci ya ɗauke mutum yawu yake ja da baya, tsamin ya kwana a kan haƙori ba mai wanke shi.

Yanzu ga kuskuren da masu tsabta suke yi. Mutum ya sha lemon tsami, ya ji ya kashe masa haƙora, sai ya ɗauki buroshi ya dirje su don ya wanke. Katangar ƙasa da ruwan sama ya jiƙa, in ka goge ta a lokacin yaɓenta zai biyo hannunka; in ka bar ta ta sha iska sai ta koma da ƙarfinta. Haka ɓawon haƙori yake bayan tsami. Abin da yawu zai iya farfaɗowa, buroshi ya kankare shi ya tafi da shi har abada. A kurkure da ruwa kawai, a jira aƙalla rabin awa, in da hali awa guda, sannan a goge. Wanda ya saba shan lemo da karin kumallo gara ya goge baki tun kafin ya ci. Wannan hukunci ya haɗa da aswaki. Aswaki abu ne mai kyau, addini ya kwaɗaitar da shi, likitoci ma ba su ƙi shi ba, amma shi ma guga ne. A tauna bakinsa ya yi laushi sosai, a bi haƙori da shi a hankali daga dasashi zuwa baki, ba a riƙa kai-da-komo da ƙarfi kamar ana zarto ba.

A watan azumi lamarin ya fi tsanani. Baki ya yini a bushe, yawu ya ƙaranta, sannan abin da aka fara tarbar haƙora da shi shi ne zoɓo mai ƙanƙara, da kunun tsamiya, da abarba, da lemon zaƙi, ana ci gaba da kurɓa har a tafi asham, a dawo a ɗora. A buɗe baki da dabino da ruwa kamar yadda aka koyar da mu, a sha ruwan da ɗan dama don yawu ya dawo, a bar masu tsamin sai an zauna cin abinci. Wanda ya riga ya sha kunun tsamiya kafin sallar magariba ya kurkure baki sosai a alwala, ya sassauta hannu da aswaki, ya bar cikakkiyar gugar sai lokacin isha. Da sahur kuma, tunda bayansa baki zai yini ba ruwa, ya fi kyau a rufe da madara ko ruwa, ba da lemo ba.

Ba kowane mai tsami ne abokin gaba ba. Nono da kindirmo suna da tsami a harshe, amma cike suke da kalsiyam da fosfet, har ba su da wurin ɗaukar na haƙori, don haka ba sa zaizaye shi. Fura da nono ta fi lemon kwalba aminci nesa ba kusa ba, muddin ba a cika ta da sukari ba. Madara da cuku duk abin rufe ciki ne masu kyau bayan an ci mai tsami. 'Ya'yan itatuwa kuma ba abin da za a daina ci ba ne. Jiki yana bukatar lemo da gwaba da mangwaro. A ci a haɗiye. Abin gudu shi ne tsotso: yanka lemon tsami a danna shi a kan haƙoran gaba, ko ɗaukar awa guda ana mamular tsamiya ko agwaluma ko garin kuka. Mai yin zoɓon gida ta tsinka shi da ruwa, kada ta ƙara masa lemon tsami a kan tsamin da yake da shi. Wasu suna jefa 'yar kanwa, kuma tana rage tsamin da gaske, sai dai a yi hattara da yawanta, musamman ga mai hawan jini da mai jego. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a 'yan shekarun nan shi ne wanda waya ta kawo. A TikTok da zaurukan WhatsApp na mata ana ta yaɗa cewa a sha ruwan ɗumi da lemon tsami kowace safiya kafin a ci komai don a rage tumbi, ko a sha khal ɗin tuffa da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci. Ana yin wannan kullum, wata da watanni, a lokacin da baki bai gama farfaɗowa daga bushewar dare ba, sannan a miƙe a ɗauki buroshi. Wadda ta ga lallai sai ta sha, ta tsinka shi sosai, ta zuƙa da bututu, ta kurkure, ta jinkirta guga. Khal kuwa kada ya taɓa shiga baki zallarsa. Ya fi wannan muni haɗin da ake koya wa amare don hasken haƙori: lemon tsami da gawayi, ko da toka, ko da gishiri, ko da bekin soda, a dirje da shi. A kwanakin farko haƙorin yakan yi haske, domin dattin da ke samansa ya tafi tare da ɓawon da yake kai. Amma farin haƙori a ɓawon yake. Yana sirancewa rawayar ciki tana bayyana, ita kuma yarinya ta ga haƙora sun yi ja sai ta ƙara ƙaimi, garin neman gira a rasa ido. Ina roƙon masu gyaran jikin amare su cire wannan daga cikin kayan aikinsu. Wadda goro ko shayi ya ɓata wa haƙori ta je a wanke mata a asibiti, aiki ne na zama ɗaya.

Akwai kuma tsamin da ba a saya ba. Ruwan cikin mutum ya fi duk abin da na lissafa ƙarfi, yana iya sauka ƙasa da 2 a ma'aunin nan. Mai fama da ƙwannafi, wanda ke jin zafi a ƙirji da ɗaci ko tsami a maƙogwaro, musamman in ya kwanta, ruwan nan yana hawowa bakinsa cikin dare, ya ci bayan haƙoran sama, inda madubi ba ya nunawa. Wasu ma likitan haƙori ne yake fara gano musu cutar. Irin wannan ba man goge baki ne maganinsa ba. A bar kamar awa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya, a ɗaga wajen kan gado, a rage maiƙo da yaji da daddare, a daina taba, a je likita ya duba cikin, a bar dogaro da abin da mai kemis ya miƙo. Mai ciki da ke laulayi ita ma haƙoranta suna shan wannan ruwan sau da dama a yini, ga kwaɗayin tsami da ke tura ta ga ɗanyen mangwaro. In ta yi amai kada ta goge baki nan take, duk da ƙyamar da take ji. Ta kurkure da ruwa, ko da kofin ruwan da aka narka ƙaramin cokali na bekin soda a ciki, ta tofar. Maigida, wannan abu ne da za ka iya tanadar mata a gefen gado.

Game da buroshi, a sayi mai laushi. Mutanenmu sun fi son mai tauri, wai shi ne yake fitar da datti, alhali dattin baki mai laushi ne, ba ya bukatar ƙarfi. A duba bayan kwalin man goge baki a tabbatar yana da fuloraid, ga babba tsakanin 1,350 da 1,500 ppm, domin shi ne yake shiga fuskar haƙori ya ƙara mata juriya ga tsami. A goge sau biyu a rana, na dare shi ne ba a wasa da shi. In an gama a tofar da kumfar kawai, kada a bi da ruwa a wanke maganin. Na san wannan yana yi wa mutane banbaraƙwai, amma cikin mako guda ake sabawa. Wanda haƙoransa suka riga suka fara tsargawa ya nemi man da aka yi don haka, irin su Sensodyne, ya ba shi makonni kafin ya yanke hukunci. Cingam marar sukari bayan abinci yana tsinko yawu. Wanda kuma ya lura bakinsa yana bushewa tun da ya fara wani magani, na mura ko na hawan jini ko na asma, ya faɗa wa likitansa, kada ya daina shan maganin da kansa.

Haƙoran yara sun fi na manya saurin lalacewa domin ɓawonsu ya fi siranta. Kada a zuba lemo ko zoɓo a fida a bai wa jariri ya kwanta da shi. Ƙwayar bitamin C da yara ke tsotsa kamar alewa, fara da mai launin ruwan lemo, tsami ce zalla. In likita ya rubuta ta, yaro ya gama da ita da sauri ya bi da ruwa, ba a riƙa sayo masa ita don lasa ba. Wanda bai kai shekara 3 ba a shafa masa man goge baki kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake, babba na tsaye a kansa. Iyayen da 'ya'yansu ke kwana a makaranta, kamar Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke nan Malali, su duba abin da suke cika musu akwati da shi: garin lemon da ake kaɗawa a ruwa, wanda yara ma suke lasa a tafin hannu, ga madarar gari da gyaɗa da za su iya maye gurbin rabinsa.

Masu cajin batir da gyaransa, a Panteka ko a bakin titi, nasu tsamin ta iska yake zuwa. Wani bincike da aka wallafa a 2001 ya kwatanta masu cajin batir da makanikai a Ibadan, ya tarar zaizayewar haƙori ta fi yawa ƙwarai a wajen masu batir. Su yi aikin a inda iska ke ratsawa, su rufe baki da hanci, su riƙa kurkure baki da ruwa.

A tsaya gaban madubi da rana a duba. In bakin haƙoran gaba ya fara zama garai-garai har haske na ratsa shi, ko haƙoran sun gajarce, ko sun yi sumul ba 'yan layukan da aka san su da su, ko saman matauni ya yi ƙananan kwarmi masu rawaya a tsakiya, ko tsohon ciko ya fito ya fi haƙorin tudu, to lokacin ganin likita ya yi, ko da babu ciwo. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko yana da sashen haƙori, haka Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mutane suna tsoron zuwa don sun ɗauka cirewa za a yi, alhali a wannan matakin abin da ake yi shi ne shafa fuloraid mai ƙarfi, ko rufe wurin da ya buɗe da ciko mai launin haƙori, in ya yi nisa a sa wa haƙorin hula. Kafin ka je, ka ɗauki kwana uku ko huɗu kana rubuta duk abin da ka ci ko ka sha da lokacinsa, har da magunguna da lokutan da ƙwannafi ya taso maka, ka miƙa wa likitan takardar. Da ita zai gane ta inda tsamin yake shigowa, domin in ba a toshe wannan ƙofar ba, haƙorin zai ci gaba da cinyewa a gefen cikon da aka yi.